Daga Ƙanƙara Zuwa Hular Tagulla: Tarihin Abin da Ke Tayar da Bindiga

A Tozai da ƙauyukan da ke kewaye da Illela, bindigar da ake gani a kafaɗar maharbi ko ɗan banga galibi ta toka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Mutane kan kalli tsawon bututunta, amma tarihinta ya rataya ne a kan ɗan ƙaramin abin da ke kunna albarushin.

Bindigogin farko da suka yawaita a Afirka ta Yamma na ƙanƙara ne. Kunama ta daki ƙarfe da dutse, tartsatsi ya faɗa kan ɗan garin albarushi a waje, sannan wutar ta ratsa ciki. Damina maƙiyiyarsu ce, kuma tsakanin walƙiyar da fitar harsashi akwai jinkiri. Wannan jinkirin ne ya dami Alexander Forsyth, limamin coci a Sikotilan mai farautar tsuntsaye, domin sukan ga hasken su tashi. A 1807 ya yi rajistar dabarar tayar da bindiga da sinadarin da ke fashewa idan an buge shi. Daga nan aka samo 'yar hular tagulla, kuma a 1866 Boxer a Ingila da Berdan a Amurka suka dasa ta a gindin kwanson harsashi, inda take har yau.

Turawa sun san darajar wannan hula. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsasansu da hulunansu a faɗin yankin da ya haɗa da ƙasar Hausa, ta bar musu ta ƙanƙara da albarushin kasuwa. An ce don a kashe cinikin bayi aka yi haka, amma wanda ya ci ribar a fili yake. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta Faransa ta ragargaza Birnin Ƙonni, maƙwabciyar Illela. Ranar 15 ga Maris 1903 mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru suka fuskanci bindigogi masu aman wuta a bakin Sakkwato, akasarinsu da masu da kibau, ba a kai rana tsaka ba aka watse.

Maƙera ba su zauna ba. Sun koyi ƙera bindiga da bututun ƙarfen da ya samu, maharba kuma suka riƙa maye gurbin hular da ba ta samuwa da garin kan ashana. A nan haɗarin yake. Hular masana'anta an auna abin da ke cikinta, ta gida kuwa ido ne ma'auninta: wani lokaci ta tashi da ɗan gogayya, wani lokaci ta yi shiru ta kama bayan mai ita ya sauke bindigar yana dubawa. Yatsu da idanu da dama sun tafi ta haka.

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta ware bindigar da ake ɗurawa ta baki a ajinta daban, ta kuma ba hukuma ikon hana riƙe ta ba tare da lasisi ba. Ita ce ɗan banga ke tsaron gari da ita a gaban ɗan fashin daji mai AK-47, wanda harsashi talatin ke cikin gidan bindigarsa, kowanne da hularsa a gindi.