Fitilun zamani na Danmak

Fitilun zamani na Danmak salo ne na ƙera fitilun lantarki wanda ya bunƙasa a ƙasar Danmak daga shekarun 1920 zuwa na 1970. An san su da sauƙin siffa da ƙarancin ado, da kuma yadda suke ɓoye ƙwan lantarki don haske ya sauka inda ake buƙatarsa ba tare da ya kashe ido ba. Fitattun waɗanda suka zana su sun haɗa da Poul Henningsen, Kaare Klint, Arne Jacobsen da Verner Panton, yawancinsu masu zanen gine-gine ne. Kamfanonin Louis Poulsen da Le Klint ne suka fi shahara wajen ƙera su, kuma har yau ana ƙera da yawa daga cikinsu a kan zanensu na asali.

Asali

Danmak tana arewacin Turai, inda rana ke gajarta ƙwarai a lokacin hunturu. A ƙarshen watan Disamba hasken rana a Kwapanhagan, babban birnin ƙasar, ba ya wuce kusan awa 7, alhali a Kano ko rana mafi gajarta ta fi awa 11. Saboda haka mutanen ƙasar suna shafe wani babban ɓangare na shekara a cikin ɗaki ƙarƙashin fitila.

Kafin zuwan lantarki, kyandir da fitilar kananzir ake kunnawa, irin hasken da duk wanda ya yi karatu da fitilar ƙwai ya sani: ja-ja ne, mai taushi, ana iya kallonsa. Ƙwan lantarki ya zo da haske mai yawa amma mai tsanani. Idan aka bar shi tsirara yana kashe ido, yana jefa inuwa mai kaifi. Idan aka lulluɓe shi da yadi mai kauri, kamar yadda aka saba a lokacin, sai rabin hasken ya salwanta. Wannan matsala ce ta haifar da salon.

Poul Henningsen

An haifi Poul Henningsen a shekarar 1894, ya rasu a 1967. A Danmak da harufa biyu kawai ake kiransa, wato PH. Ɗa ne ga marubuciya Agnes Henningsen, ya yi karatun gini da fasaha a Kwapanhagan amma bai kammala da takardar shaida ba. Ban da zane, marubuci ne mai kaifin alƙalami, shi ne ya jagoranci mujallar Kritisk Revy daga 1926 zuwa 1928. Ya taso da hasken fitilar kananzir, kuma irin taushin wannan haske ya yi ta nema a cikin lantarki tsawon rayuwarsa.

A 1925 fitilun da ya zana, waɗanda kamfanin Louis Poulsen ya ƙera, suka ci lambar zinare a baje kolin duniya na birnin Faris. A shekara mai zuwa ya fito da tsarin da ya sa sunansa ya shahara, lokacin da aka ba su aikin haskaka babban zauren Forum na Kwapanhagan. Fitilar tana da hula uku, kamar kwanuka uku da aka kife ɗaya ƙarƙashin ɗaya: babba a sama, matsakaici, sannan ƙarami a ƙasa, girmansu kusan kashi uku da biyu da ɗaya. Lanƙwasar kowace hula ba da ka aka yi ta ba. Henningsen ya bi wani layi na lissafi mai kama da naɗin ƙwanson katantanwa, ya sa tsakiyar ƙwan a daidai cibiyarsa. Da haka hasken yakan bugi cikin hular ya dawo ƙasa, yana raguwa a hankali daga tsakiya zuwa baki, wanda ke zaune a gefe kuwa ba ya ganin ƙwan kansa. An yi hulunan da ƙarfe ko jan ƙarfe, ko gilashi mai launin madara wanda ke barin wani ɓangare na haske ya ratsa zuwa sauran ɗakin.

Lambobin da ke jikin sunayen fitilun girma suke nunawa. A PH 4/3, misali, hular sama tana da faɗin kusan santimita 40, sauran biyun kuma an ɗauko su daga jerin mai lamba 3. Da wannan dabara aka samar da fitilun tebur, na bango, na tsaye da na ratayawa daga tsari guda.

Lokacin da Jamus ta mamaye Danmak a Yaƙin Duniya na Biyu, an hana kunna fitilun da jiragen sama za su iya hangowa. A 1941 Henningsen ya zana wa lambun shaƙatawa na Tivoli wata fitila da ke haskaka ƙasa ba ta haskaka sama, abin da ya ba lambun damar ci gaba da buɗewa da dare. A 1943 ya tsere zuwa Suwidin a cikin ƙaramin kwalekwale tare da Arne Jacobsen: shi saboda rubuce-rubucensa na sukar 'yan Nazi, Jacobsen kuma saboda asalinsa na Bayahude. Sun koma gida bayan an gama yaƙi a 1945.

Fitilunsa biyu mafiya shahara duk a 1958 suka fito. PH 5, mai faɗin santimita 50, amsa ce ga masu ƙera ƙwan lantarki da suke yawan sauya girma da siffar ƙwai: an tsara ta yadda ko wane irin ƙwai aka sa ba zai kashe ido ba, aka kuma saka ƙananan faranti masu launin ja da shuɗi a ciki don gyara launin hasken. Ana rataye ta ƙasa-ƙasa bisa teburin cin abinci, kuma tana cikin fitilun da aka fi gani a gidajen ƙasar. Ta biyun ita ce wadda aka sani a waje da suna PH Artichoke, aka yi ta domin gidan abinci na Langelinie da ke bakin tekun Kwapanhagan. Tana da ganyen jan ƙarfe 72, a jeri 12 mai ganye 6 kowanne, suna rufe juna kamar ɓawon abarba, ta yadda daga ko wace kusurwa aka duba haske kawai ake gani, ba ƙwan ba.

Sauran masu zane

Iyalan Klint sun bi wata hanya dabam, ta naɗe takarda. P.V. Jensen-Klint, wanda ya zana majami'ar Grundtvig, ya naɗe hular takarda mai kalmasa domin wata fitilar kananzir a farkon ƙarni na 20, abin ya zama sana'ar gida. Ɗansa Tage Klint ya mayar da ita kamfanin Le Klint a 1943, ɗan'uwansa Kaare Klint kuma ya zana fitila mai lamba 101 a 1944. Daga baya roba ta shiga cikin kayan aikin, amma har yanzu da hannu ake kalmasa hulunan a birnin Odense.

Arne Jacobsen (1902–1971) ya zana fitilar AJ domin otal ɗin SAS Royal da aka buɗe a Kwapanhagan a 1960, inda ya tsara ginin da kujeru har da cokula. Kanta mai karkata ne, yana jefa haske wuri guda, don haka ta dace da karatu. Ramin da ke gindin ta tebur asalinsa wurin ajiye farantin tokar taba ne.

Verner Panton (1926–1998), wanda ya yi aiki a ofishin Jacobsen kuma ya koyi abubuwa da yawa a wurin Henningsen, shi ya shigo da launuka masu ƙarfi da roba. Flowerpot ta 1968 rabin ƙwallo biyu ce suna fuskantar juna, ƙaramin na ƙasa yana tare ƙwan. Panthella ta fito a 1971.

Kasuwa da halin yanzu

Henningsen mutum ne mai ra'ayin kare talaka, burinsa shi ne gidan ma'aikaci ma ya sami haske mai kyau. Abin mamaki, a yau fitilunsa kayan masu hali ne, tsofaffin na shekarun 1920 da 1930 kuwa a dakunan gwanjo ake cinikinsu. Tsadar ta jawo jabu masu yawa, waɗanda sukan kwaikwayi siffar waje su kuskure lanƙwasar, sai ƙwan ya leƙo. Ta asalin ma ba ta rasa naƙasu ba: tarin hulunan yana cinye wani ɓangare na hasken, kuma goge ganye 72 ɗaya bayan ɗaya aiki ne, balle a inda ƙurar hunturu ke shiga ɗaki.

Daga 2009 Tarayyar Turai ta fara janye tsohon ƙwai mai zaren wuta daga kasuwa. Da yake an auna hulunan ne a kan inda zaren yake, sai da kamfanonin suka sake daidaita yawancin fitilun da ƙwan LED.