Tsohuwar kwamfuta mai Windows 10: a gyara ko a sake?

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Kwamfutar ba ta mutu ba, tana nan tana aiki, sai dai ɓarayin intanet sun fi samun sauƙin kutsawa, musamman in ana shiga asusun kuɗi da ita.

Komawa Windows 11 kyauta ne ga mai Windows 10 na gaskiya, amma da sharaɗi: RAM giga 4, faifai giga 64, da ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Galibin waɗanda aka ƙera kafin 2018 ba su ɗauka.

Kada a yi saurin yar da ita fa. In aikinta rubutu ne da lissafi, mai gyara na iya sa mata Linux Mint, shi ma kyauta, ya canja tsohon faifan da SSD, za ku ga ta ƙara sauri. In kuwa batir ya mutu, allo ya tsage, kuɗin gyara ya kusan rabin kuɗin wata, mu dai shawararmu a sake.

Ƴan uwa na waje masu aiko da okaziyo, a tabbatar tana ɗaukar Windows 11 kafin a ɗoro ta. Kuma kafin mai gyara ya taɓa komai, a kwashe takardu da hotuna a kile USB.