Tarihin Bangon Gida a Tsibirin Barbados

Ku 'yan makaranta, ku ɗauko taswirar duniya, ku ɗora yatsa a kan Sakkwato, sa'an nan ku ja shi yamma sosai, kada ku karkata kudu ko arewa. Za ku fita Afirka ta wajen Gambiya, ku faɗa Tekun Atlantika. Ba za ku sāke taɓa ƙasa ba sai bayan tafiyar kusan mil 3,000, inda yatsanku zai tsaya a kan wani ɗan ɗigo. Wannan ɗigo shi ne tsibirin Barbados. Tsawonsa mil 21 ne, faɗinsa mil 14. Labarin ginin mutanensa mu ke so mu ba ku yau, watau abin da su ka riƙa yin bango da shi shekaru ɗari huɗu, da dalilin da ya sa su ka yi ta sāke shawara.

Kada ku ce ina ruwanmu da su. Hanyar nan da yatsanku ya bi ita ce hanyar hadari. Masana sun tabbatar da cewa yawancin manyan guguwar da ke afka wa tsibiran nan a Afirka su ke somawa. Hadarin da ke taso mana daga gabas da damina, ya zuba ruwa ya wuce, wani lokaci ba ya mutuwa. Sai ya shiga teku, ya sami ruwa mai ɗumi, ya yi ta shan tururi yana juyawa, har ya zama mahaukaciyar guguwa. Ba a ba ta wannan suna sai gudun iskarta ya kai mil 74 a awa guda. Lokacinta kuwa daga Yuni zuwa Nuwamba ne. Ga wani lissafi kuma da ya kamata ku riƙe: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ta ke tura bango da shi ninki huɗu ya ke yi.

Amma guguwa baƙuwa ce, ta kan yi shekaru ba ta zo ba. Maƙiyan bango na kullum su ne laima, da gishirin da iskar teku ke ɗaukowa, da gara. Garar can ma har da wata iri wadda ba ta bukatar shuri, cikin katakon ta ke zama, ta cinye shi ta ciki ta bar fenti tsaye.

Ingilishi sun sauka tsibirin don zama a shekarar 1627. Sun tarar da shi kurmi ne, sabo da haka ɗakunansu na fari na itace ne, da rufin ganye. Ba a daɗe ba, wajen 1640 da 'yan kai, aka shiga noman rake don yin sukari. Sukari ya kawo kuɗi irin wanda ba a taɓa gani ba, ya kuma kawo mugun ciniki, gama dubban mutane aka kwaso daga Afirka ta Yamma aka sa su bauta a gonakin. Cikin shekara ashirin da 'yan kai aka sare kurmin kusan ƙaf. Tun daga ran nan har yau, katakon da a ke gini da shi a Barbados daga wata ƙasa a ke kawo shi cikin jirgi. Ku lura da wannan, don shi ne tushen rabin labarin.

Masu gonakin da su ka yi arziki sai su ka gina gidaje irin na garinsu, dogaye, masu hawa uku. Akwai wanda ke tsaye har yanzu, ana kiransa St Nicholas Abbey, an gina shi a 1658. Abin dariya, har da murhun jin ɗumi da bututun hayaƙi aka yi masa, a ƙasar da ba a san sanyi ba! Kun ga maginin jikinsa ne ya zo tsibiri, hankalinsa yana Ingila.

Wuta ce ta fara yi musu karatu. A 1668 gobara ta cinye yawancin Bridgetown, babban birninsu, har majalisa ta yi doka a daina gina gidajen katako a cikin gari. Ba a bi dokar sosai ba, shi ya sa wuta ta sāke cin garin a 1766. Iska kuma ta yi nata karatun. A ƙarshen Agusta na 1675 guguwa ta rushe gidaje da matsar rake, daga nan masu hankali su ka fara rage tsawon gini, su ka ƙara kaurin bango.

To, da me za a yi bango mai kauri a ƙasar da ba itace? Amsa tana ƙarƙashin ƙafafunsu. Fiye da kashi huɗu cikin biyar na tsibirin wani farin dutse ne ya rufe shi, wanda ƙananan halittun teku da a ke kira murjani su ka tara shekaru aru-aru. Dutsen nan yana da hali mai ban mamaki. Sa'ad da aka haƙo shi yana da laushi, har da zarto a ke yanka shi kamar katako, in ya sha iska kuma sai ya ƙara tauri. In an ƙona shi ya zama farar ƙasa ta gini, a kwaɓa ta da yashi a ɗaura duwatsun da ita, a kuma shafe bangon da ita. Shafen nan dole ne, gama dutsen yana da ƙofofi ƙanana, yana shan ruwa kamar soso. Kyaun farar ƙasa shi ne ta kan tare ruwan sama, amma ba ta kulle laima a ciki, in rana ta fito bango ya bushe. Gara ba ta cin dutse, gishiri ba ya sa shi tsatsa, da rana kuma ɗakin da sanyi. A ganinmu ba a taɓa samun abin bango da ya dace da tsibirin kamarsa ba. Aibinsa guda ne: sai mai ƙasa, mai kuɗi.

Duk da haka kada ku zaci dutse ya fi ƙarfin iska. Ran 10 ga Oktoba, 1780, aka yi guguwar da har yau ba a sami wadda ta kashe mutane kamarta a wannan teku ba. A Barbados kaɗai fiye da mutum 4,000 su ka hallaka, a tsibiran duka kuwa fiye da 20,000. Waɗanda su ka gani sun ce iska ta saɓule ɓawon itatuwa, ta ɗaga manyan bindigogi daga mazauninsu. Wata kuma ta zo daren 10 ga Agusta, 1831, ta kashe kimanin 1,500, ta rushe yawancin manyan majami'un tsibirin, alhali na dutse ne. Abin da aka gane shi ne, ba safai iska ke ture bango mai kauri kai tsaye ba. Rufi ta kan fara yayewa. In rufi ya tafi, bango ya rasa abin da ke ɗaure kansa, ruwa ya shiga ta sama, sa'an nan ya faɗi, kuma faɗuwar dutse a kan mutum ba irin ta ciyawa ba ce. Wani injiniyan soja, William Reid, wanda aka aiko ya gyara gine-ginen Gwamnati bayan ɓarnar 1831, ya zauna ya tattara labaran jiragen ruwa, ya buga littafi a 1838 mai ƙarfafa maganar cewa guguwar nan juyawa ta ke yi. Amfanin sanin haka ga magini babba ne: iskar da ta bugi gabas da gida da dare tana iya komowa ta bugi yamma kafin safiya, don haka ba gefen da za a yi wa sakaci. Gidajen da aka gina bayan wannan gajeru ne, rufinsu ya gangara ta fuska huɗu, wasu kuma aka ɗaga bango ya ɗara bakin rufi don kada iska ta sami wurin sa hannu.

Duk wannan labarin masu gona ne. Bayi fa? Su ɗakunansu na kafi ne, a kafa itatuwa, a saƙa tsumagu, a yaɓe da laka, a rufe da ganyen rake. Daga baya wasu su ka sami na tsakuwa. Su ne su ka fi mutuwa a kowace guguwa.

Yanzu mun zo wurin da ya fi ba mu sha'awa. An soke bauta ran 1 ga Agusta, 1834, aka sake mutane sarai a 1838. Sun sami kansu, amma ba su sami ƙasa ba, gama kusan kowane taƙi na tsibirin yana hannun masu rake. A 1840 aka yi doka wadda ta ɗaure zama da aiki: mai gona ya ba ka wurin kafa ɗaki, kai kuwa ka yi masa aiki, ran da ku ka ɓata ya tashe ka. To, wa zai gina bangon dutse a ƙasar da za a iya korarsa gobe? Sai kafintocinsu su ka fito da wata dabara, su ka yi gidan da ke bin mai shi. Sunan da a ke kiransa da Turanci ma'anarsa dukiyar da a ke iya ɗauka, kamar akwati ko akuya. Ba a haƙa masa tushe. Duwatsu a ke jerawa ba kwaɓi, a ɗora shi a kai. Kowane bango guda ne sukutum, in tashi ya zo a kwance shi, a ɗora a keken shanu, kafin rana ta faɗi an kafa shi a wata gona. Girmansa ma tsawon katakon da jirage ke kawowa daga Amurka ta Arewa ne ya yanke shi, don kafinta ba ya son ya yanke ko inci guda ya yar. Ɗaki biyu a ke farawa da su, ƙofa a tsakiya, taga dama da hagu. In iyali sun ƙaru, a kafa wani a bayansa da nasa rufin.

Talauci ne ya haifi gidan nan, amma ku dubi hikimar da ke cikinsa. Katakon bango a kwance a ke buga shi, na sama ya hau bakin na ƙasa, don ruwa ya gangara bai sami kafa ba. Wasu kuma su kan rufe bangon da ƙananan fallayen katako, jere bisa jere kamar gashin tsuntsu. Waɗanda aka fi so su ne na wani itace mai yawan ƙaro da a ke kira walaba, daga Gayana, wanda ruwa ba ya saurin ruɓar da shi. Ɗagawar da aka yi wa gidan bisa duwatsu ta raba katako da damshin ƙasa, iska na wucewa ta ƙarƙashi. Rufin yana da tsini, bakinsa gajere ƙwarai, don rufi mai kwanciya mai dogon baki shi iska ta fi saurin ɗagawa. Tagogin na katako ne mai tsaga-tsaga, a rufe su ruwa bai shiga ba, iska kuwa ta shiga. Bangon katako kuma ba ya riƙe zafin rana, da magariba ɗaki ya huce. Sai dai yana da haraji, harajinsa fenti. Katakon ƙasashen sanyi mai laushi ne, wanda ya yi sakacin shafa masa fenti 'yan shekaru, ruɓa da gara su gāje shi. Da mutanen tsibirin kimanin 20,000 su ka tafi aikin haƙa mashigin Fanama tsakanin 1904 da 1914, kuɗin da su ka aiko gida da yawa cikin katako da fenti da ƙarin ɗaki ya shiga.

Kwanon rufi a Landan aka ƙago shi, wani Henry Palmer ya yi rajistarsa a 1829, a 1837 kuma wani Bafaranshe, Sorel, ya yi rajistar hanyar shafa wa ƙarfe tutiya don ya jure tsatsa. Ya kori ganye daga kan gidaje, amma a bakin teku ajalinsa gajere ne, kuma tsatsar ta kan fara ne daga ramin ƙusa, daidai wurin da a ke bukatar ƙarfi.

Ran 22 ga Satumba, 1955, guguwar da aka sa wa suna Janet ta bugi kudancin tsibirin, ta kashe mutum talatin da wani abu, ta lalata dubban ƙananan gidaje. Mutane su ka fara duban bulo da siminti. Amma abin da ya juya al'amarin da gaske doka ce. Tsibirin ya sami mulkin kai a 1966, a 1980 kuma majalisa ta ba mazauna gonaki ikon sayen filin da su ke zaune a kai. Da ƙasa ta zama tasu, dalilin gidan ɗauka ya ƙare. Sai ka ga mutum ya fara da makewayi da madafa na bulo a baya, shekara bisa shekara bulo na cin katako, har ya iso ƙofar gaba.

Ba mu ce bulo ba shi da kyau ba. Ya fi katako tare abin da iska ta jefo, gara kuma ba ta san shi ba. Amma yana shan zafi da rana ya sake shi da dare, in kuma an kwaɓa siminti da yashi mai gishiri, rodin da ke ciki ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa bangon daga ciki. Guguwa Elsa ta gwada shi ran 2 ga Yuli, 2021, ita ce ta fari mai cikakken ƙarfi da ta taɓa tsibirin tun bayan Janet. Gidaje fiye da dubu su ka taɓu, yawancin ɓarnar kuwa a rufi ta ke. Shi ya sa maginan can yanzu su ke ɗaure kowane katakon rufi da maɗaurin ƙarfe marar tsatsa, su haɗa shi da bango, bangon kuma su haɗa shi da tushe. Tsofaffin gidajen katako da su ka rage, wasu an gyara su an mai da su kantuna, wasu kuwa har yanzu jikokin waɗanda su ka kafa su na ciki, suna shafa musu fenti kafin watan Yuni.