Maigida da Dillalansa: Tarihin Tafiyar da Cinikin Mota a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Mutumin Anka ko Gummi ko Bukkuyum, watau yankin yammacin Zamfara, in ya tashi sayen mota, da wuya ya nufi Gusau ko Sakkwato ko Kaduna shi kaɗai. Yakan nemi wanda ya san kan kasuwa ya yi masa jagora, kamar yadda kakanninsa suka saba yi wajen sayen doki ko sa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tsarin da ake bi wajen tafiyar da masu sayar da mota a ƙasar Hausa ya girmi motar kanta, kuma amana ce ginshiƙinsa.

2.0 Tsarin Gargajiya

A kasuwancin fatake, fatoma ko maigida shi ne mai saukar da baƙi, ya adana kayansu, ya kuma tsaya musu lamuni in an ɗauki kaya bashi. A ƙarƙashinsa akwai dillalai masu haɗa mai saye da mai sayarwa, da yara masu hidima. Dillali ba shi da albashi, la'ada ita ce rabonsa, kuma ba ya samunta sai ciniki ya faɗa. Kalmomin dillali da la'ada duka daga Larabci aka aro su, abin da ke nuna daɗewar sana'ar. Abner Cohen ya yi bayanin irin wannan tsari a 1969, a nazarinsa na cinikin shanu da goro a Sabon Ibadan. Babban aikin maigida shi ne ya san halin kowane dillali nasa, domin in ɗaya ya ci amana, sunan gidan ne ya ɓaci.

3.0 Zamanin Kamfani

Kamfanonin Turawa irin su SCOA da UTC da CFAO su ne suka daɗe suna riƙe da cinikin sababbin motoci. Sun zo da nasu tsari: manaja a sama, akawu yana riƙe da littafi, ma'aikata suna karɓar albashi, farashi kuma a rubuce, babu tayi babu albarka.

Abubuwa uku suka faɗaɗa wannan kasuwa. Na farko, dokokin 1972 da 1977 sun buɗe wa 'yan ƙasa ƙofar mallakar hannun jari a kamfanonin baƙi, attajirai da dama suka zama diloli. Na biyu, ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, tare da bashin mota da gwamnati take bai wa ma'aikata, ya yawaita masu saye. Na uku, a 1975 ɗin ne kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, har fijo ta zama kalmar Hausa.

Sai dai masu nema sun fi motocin yawa, ga shi dokar ƙayyade farashi ta 1977 ta haɗa har da motoci. Saboda haka aikin manaja ya koma rabon mota tsakanin masu jiran layi, da sa ido kada ma'aikacinsa ya karkatar da ita ga wanda zai sayar a bayan fage. A nan ne dillalin gargajiya ya sami wurin zama a ƙofar kamfani, domin baƙon da ya zo daga karkara ya fi yarda da fuskar da ya sani a kan takardar da ba ya iya karantawa.

4.0 Komawa Ga Tsohon Tsari

Daga 1986, da aka karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Kasuwa ta koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda Hausawa suke kira 'yan Beljiyam, ana sauke su a Kwatano, wasu su biyo ta Nijar su shigo ta Illela ko Jibiya. Gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu a farkon 2017. Shi kuwa kamfanin Kaduna, an sayar wa ASD Motors da mafi yawan hannun jarinsa a 2006, sannan hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012 saboda bashi.

A wuraren sayar da motoci da suka maye gurbin kamfanoni, mai wuri ya sake zama maigida. Yana karɓar motocin wasu ya ajiye, yaransa suna tarar masu saye, ana ba da kafin alƙalami, ana kuma tantance ko la'ada ciki ce ko waje kafin a sallama. Kalmar kamasho ta shigo, amma ba ta kori la'ada ba.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tsarin albashi ya yi ƙarfi ne muddin akwai kamfanin da ke tsaya wa motarsa, ya gyara ta in ta sami matsala. Da wannan ya yi rauni, sai nauyin ya koma wuyan maigida. Shi ne zai amsa in takardun kwastan suka zama na jabu, ko aka ɓoye aibin inji don kwaɗayin la'ada. Shi ya sa har yau mai saye daga Adabka yakan fara tambayar ko wurin wane ne, kafin ya tambayi kuɗin motar.