Wakafi da Makomar Gine-ginen Tarihi: Darasi Daga Birnin Alƙahira

Duk ginin da ya daɗe yana tsaye, akwai wata dukiya da ta daɗe tana ciyar da shi. Tarihin masallatai da makarantun tsohon birnin Alƙahira shaida ne a kan wannan.

A zamanin daular Mamalik (1250 zuwa 1517), sarki ba ya gina masallaci ko makaranta sai ya haɗa da wakafi. Asibitin Sarki Ƙalawun, wanda aka kammala a 1285, da makarantar Sarki Hasan, wadda aka fara ginawa a 1356, duk an tsayar musu da gonaki da shaguna da gidajen haya. Daga kuɗin da waɗannan kadarori suke samarwa ake biyan limamai da malamai da ɗalibai, a sayi man fitila da tabarmi. Malaman fiƙihu, musamman Hanafawa, sun hukunta cewa gyaran ginin shi ne farkon abin da za a kashe wa kuɗin wakafi, kafin a biya kowa haƙƙinsa, ko da mai wakafin bai shardanta haka ba. Hujjarsu ita ce manufar wakafi ɗorewa ce, kuma babu ɗorewa idan asalin ya rushe.

Wannan tsari ya girgiza a mulkin Muhammadu Ali Basha. A 1809 ya ɗora haraji a kan gonakin wakafi, daga bisani kuma ya mayar da mafi yawansu hannun hukuma, aka koma ba masu su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da kuɗin shiga ya ragu, gyara ne ya fara tsayawa, domin ma'aikaci yana iya kuka, bango kuwa ba ya magana. Rufi ya yi ta yoyo, gine-gine da dama suka lalace.

A 1881 Khidiwi Taufiƙ ya kafa kwamitin kare gine-ginen tarihi na Musulunci a ƙarƙashin hukumar wakafi. Kwamitin ya ƙididdige ɗaruruwan gine-gine, ya ceto da yawa. Sai dai gyara na lokaci ɗaya ba ya maye gurbin kulawa ta yau da gobe. Ko bayan da UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin jerin kayan tarihin duniya a 1979, girgizar ƙasa ta 1992 ta tona irin raunin da sakaci ya bari a jikin gine-ginen.

Darasin ya shafe mu kai tsaye. A watan Agusta na 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya rufta kan masallata, aka yi asarar rayuka. Gudummawar da ake tarawa bayan musiba alheri ce, amma ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe da dubawa kowace shekara. Abin da ya dace shi ne kowane masallaci mai tarihi ya samu wakafin shaguna ko gonaki, da amintaccen mai kula da ke bayyana lissafi ga jama'a, da sharaɗi rubutacce cewa gyara ne a gaba da komai. Haka kuma a ware kaso don horar da magina, domin kuɗi ba ya gyara bakan gizo idan babu hannun da ya san sirrinsa.

Allah ne mafi sani.