Babur Na Hannu Da Ƙin Tashi Da Safe: Abin Da Cok Ke Nunawa

Cok shi ne ɗan marfi ko ɗan hannu da ake ja a babur mai kafireto don ƙara wa inji mai a lokacin da yake da sanyi. Wani babur a jikin kafireton yake, wani kuma a kan kambun hagu, da waya ta haɗa su. Ƙaramin abu ne, amma shi ke fara tona asirin babur na hannu, kuma wanda ya iya karanta shi ba zai biya kuɗin sabon kafireto a banza ba.

Dalilin yin sa

Inji ba ya ƙona fetur yana ruwa, sai ya zama tururi ya gauraya da iska. Idan inji ya ɗumama, kusan kashi 15 na iska ne ke tafiya da kashi ɗaya na mai, a ma'aunin nauyi. Da sanyi kuwa, mai yakan kwanta a bangon hanyarsa, abin da ke isa wurin fulogi ba ya isa ya kama wuta. Cok ne ke cike wannan giɓi.

Iri biyu ne. Akwai mai faifai da ke toshe bakin iska, irin na Honda CG125 da yawancin baburan da aka kwaikwaya daga gare shi, da kuma na janareto. Akwai kuma mai buɗe wata ƴar hanyar mai ta daban a cikin kafireto. Wannan na biyun ba ya son totur: kana murɗawa ka ɓata masa aiki, shi ya sa za ka ga mutum ya ja cok, yana murɗa totur yana kiki har ya yi gumi, babur ko tari. Baburan zamani masu feshin mai da kwamfuta ba su da cok sam.

Maiduguri daban, Legas daban

A Dusuman, mazaɓar da ke ƙaramar hukumar Jere a bakin garin Maiduguri, asubar Disamba da Janairu takan sauka ƙasa da digiri 15. A irin wannan hunturu, lafiyayyen inji ma yana neman cok, kuma manoman fadamar Jere sun san haka daga injinan ban ruwansu. A watan Yulin 2011 gwamnatin Borno ta hana hawa babur a Maiduguri da Jere saboda hare-haren Boko Haram, ƴan acaɓa da yawa suka fice da baburansu, wasu har kudu.

Sai dai ma'aunin can ba ya aiki a nan. Legas, Ibadan ko Fatakwal da wuya safiya ta sauka ƙasa da digiri 20. Abin da ke damun babur a kudu shi ne laima da ruwan sama. Don haka idan baburinka a Agege ko Sabon Shagamu ba ya tashi kullum sai da cok, kuma sai ka riƙe shi minti biyar, kada ka ce sanyi ne. Akwai ciwo.

Alamomi da ma'anarsu

Ya tashi da cok, kana mayarwa ya mutu. Wannan shi ne ya fi yawa a babur na hannu, musamman wanda ya daɗe a ajiye. Man da ya kwana watanni a kwanon kafireto yakan bushe ya bar danƙo, ya toshe ƙaramin jet ɗin silo, wanda raminsa bai wuce kan allura ba. Inji sai ya koma shan mai ta hanyar cok kaɗai. Maganinsa a kwance kafireto, a wanke, a busa jet ɗin da iska har ka hango haske ta cikinsa. Wasu makanikai sukan zura sililin wayar birki su tsokale ramin. Babur zai tashi a ranar, amma in ramin ya faɗaɗa, shan mai ya ƙaru ke nan har a canja jet. Idan an wanke bai daina ba, a duba robar da ta haɗa kafireto da inji. Takan tsage da tsufa, iska na satar hanya ta wurin. Alamarta ita ce silo ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai.

Ya tashi babu cok, kana ja ya shaƙe. Nan kuma mai ne ya yi yawa tun farko. Cire fulogi ka gani: in baƙi ne ƙirin da tokar hayaƙi, to ko soson iska ya cika da ƙura, ko allurar da ke tsayar da mai a kwano ta ci, ko kuma cok ɗin kansa ya maƙale bai koma daidai ba. Waya mai tsatsa takan yi haka, hannu ya koma amma ciki na rufe. Tun cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan ciwo ya fi kowanne cin aljihun ɗan acaɓa, don babur na tafiya, mai na zurarewa ta salansa. Banda haka, man da ya yi yawa yana wanke bakin mai daga jikin silinda, ringi ya ci da wuri.

Ka ja ko ba ka ja ba, duk ɗaya. Mai yiwuwa waya ta tsinke, ko hanyar man cok ta toshe. Bi wayar da ido ka ga ko tana motsa abin da ke jikin kafireto.

Yana warin fetur, ya ƙi tashi. Ya sha mai ke nan. Mayar da cok, buɗe totur gaba ɗaya, yi kiki kamar sau goma. In ya ƙi, cire fulogi ka busar.

Inda laifin ba na cok ba ne

Kiki ya yi laushi kamar babu komai a ciki? Wannan maganar bawul ce ko ringi. Bawul da ya matse yana hana tashin safe ƙwarai, kuma saita shi aikin mintuna ne, ana yin sa inji na da sanyi. Da damina a kwance ɗan sukurun ƙasan kwanon kafireto a tsiyaye abin da ke ciki, domin ruwa ya fi fetur nauyi, a ƙasa yake taruwa. Man bumburutu da marfin tanki mai yoyo su ne kan gaba wajen kawo shi. Hular fulogi da ta tsage ma takan zubar da wuta idan ta jiƙe.

Ga mai shirin saye

Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, ta ƙara huɗu a Satumbar shekarar, baburan da aka jingine suka daɗe ba a hau ba suna nan a hannun mutane, Bajaj Boxer da TVS da sauransu. Je ka duba da sassafe, kuma kafin komai ka ɗora hannu a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ka iso, sai ka ce za ka dawo gobe. Lafiyayyen babur yakan tashi a kiki ɗaya zuwa uku, ya karɓi mayar da cok cikin minti ɗaya, ya tsaya a silo ba tare da an riƙe masa totur ba. Wanda ya kasa wannan ba lallai ne a fasa saye ba, amma a cire kuɗin wankin kafireto da fulogi da saitin bawul daga farashi kafin a ce an sallama.