Nasabar Karnuka: Daga Kundin Landan Zuwa Gwajin Yawu

Duk wanda ya leƙa littattafan Larabawa na dauri zai tarar ba nasabar 'yan Adam kaɗai suka kiyaye ba, har da ta dabbobin da suke alfahari da su, domin Hishamu ibn al-Kalbi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na uku bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan salsalar dawaki, yana ambaton ingarma da uwarsa da ubansa kamar yadda ake jero kakannin sarakuna. Kare bai kai doki martaba ba, ko da yake Jahizu ya ba shi babban rabo a cikin Kitabul Hayawan, malaman fiƙihu kuma sun halatta abin da horarren kare ya kamo wa maigidansa idan an cika sharuɗɗa. Abin lura shi ne, da malaman fiƙihun nan suka zo kan mas'alar kare, horonsa suka tambaya, ba wanda ya nemi sanin ubansa. A Turai ma haka al'amarin yake, don kuwa lokacin da likitan nan John Caius ya rubuta littafinsa a kan karnukan Ingila a shekarar 1570, da aikinsu ya rarrabe su: wannan na farauta, wancan na kiwo, wani na gadi, wani kuma na ɗebe wa matan attajirai kewa.

Sai a ƙarni na sha tara miladiyya aka sake lale. A watan Yunin 1859 aka yi baje kolin karnuka a birnin Newcastle, inda aka tara karnukan farauta 60, alƙalai suka zazzaga suna duban ƙira da tsayi da launi, suka ba da kyauta ba tare da an saki ko da zomo ɗaya an ga wanda zai kamo shi ba. Abin ya karɓu ƙwarai wajen masu hannu da shuni, har ya haifar da jayayya da ha'inci, saboda mutum yakan sake wa karensa suna ya kai shi wata gasa, ko ya jingina shi ga uban da bai haife shi ba. Domin magance wannan ne Sewallis Shirley da abokansa suka kafa ƙungiyar Kennel Club a Landan a 1873, shekara na zagayowa suka fitar da kundin nasaba na farko, suna koyi da masu dawakin sukuwa waɗanda suka riga su da nasu kundin tun 1791. Amurkawa suka kafa tasu ƙungiyar a 1884. Da tafiya ta yi tafiya sai aka rufe ƙofa, ya zama kare ba ya shiga kundi sai iyayensa biyu suna ciki, wanda kuwa aka bari a waje, kome kyansa da ƙwazonsa, sunansa barbarar yanyawa.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin a kansa sauran magana za ta hau. Mafi yawan ire-iren karnukan da ake tinƙaho da asalinsu a yau ba su fi shekara ɗari da hamsin da kafuwa ba, kuma da yawansu daga gauraye aka ƙago su. Karen nan na Jamus da muka saba gani a hannun 'yan sanda, wani hafsan sojan doki mai suna Max von Stephanitz ne ya sayi kare guda a 1899, ya raɗa masa suna Horand, ya rubuta shi lamba ɗaya a kundi, daga nan zuriya ta fara. Shi kuwa golden retriever, an daɗe ana ba da labarin cewa Lord Tweedmouth ya sayo kakanninsa ne daga wasu Rashawa masu wasan dabbobi, mutane suka yi ta ruwaito wannan hikaya baki da baki har ta shiga littattafai, sai a 1952 da aka fito da littafin kiwon da shi Tweedmouth ya rubuta da hannunsa, aka ga ashe a 1868 ya haɗa wani kare rawaya mai suna Nous da wata karya mai suna Belle a gandunsa na ƙasar Sikotlan, babu Rasha babu dalilinta. Shekaru masu yawa ana riƙe da ruwaya mai daɗin ji wadda ba ta da tushe.

To, karen da ba ya cikin kundi fa, yaya za a san asalinsa? Da ido ake yi, irin ilmin ƙiyafa da Banu Mudlij suka shahara da shi a cikin Larabawa, wato a dubi gaɓoɓi a riskar da ɗa ga ubansa. Sai dai ƙiyafa ba ta ci a kan karnuka ba. John Paul Scott da John Fuller, waɗanda suka shafe shekaru suna bincike a Bar Harbor ta jihar Maine kafin su buga sakamakonsu a 1965, sun haɗa basenji, karen Kwango mai miƙaƙƙun kunnuwa da naɗaɗɗiyar wutsiya, da cocker spaniel mai dogon gashi da kunnuwa zube, aka sami 'ya'yan da ba su ɗauko kamannin ko ɗaya daga cikin iyayen ba, jikoki kuwa kowa da tasa sifa, har baƙo ba zai yarda kakanninsu ɗaya ba. Dalili shi ne sifofin da ido ke kamawa, kamar tsayin ƙafa da yanayin gashi da zubin kunne, ƙwayoyin gado kaɗan ne ke sarrafa su. Kama da wane ba ta wane. Wannan kuwa ba wasa ba ne, domin dokar Birtaniya ta 1991 a kan karnuka masu hatsari da sifa take hukunci, kare na iya rasa ransa saboda faɗin kansa da ƙirjinsa.

Ana cikin haka ilmin ƙwayoyin halitta, waɗanda ake taƙaita sunansu da DNA, ya kawo kai. A 2004 Heidi Parker da Elaine Ostrander da abokan aikinsu a birnin Seattle suka gwada karnuka 414 daga iri 85, suka dubi wurare 96 a cikin ƙwayoyin gadonsu, suka iya mayar da kashi 99 cikin ɗari zuwa ga irinsu ba tare da sun ga ko wutsiyar ɗaya ba. Ba abin mamaki ba ne in an yi tunani, tun da rufe kundi na shekaru masu yawa ya mai da kowane iri tamkar gida guda mai auren zumunci, alamominsa suka fita daban. A ƙarshen 2005 aka kammala karanta ƙwayoyin halittar wata karya mai suna Tasha, haruffa kimanin biliyan 2.4. Kafin a ce haka 'yan kasuwa sun shigo: kamfanin Mars ya fito da gwajinsa na Wisdom Panel a 2007, 'yan'uwa biyu Adam da Ryan Boyko suka kafa Embark a 2015, yau kuma mutum na goga ɗan tsinke mai auduga a cikin kumatun karensa, ya sa a ambulan, bayan 'yan makonni a aiko masa da jadawali: rabi kaza, rubu'i kaza, sauran kaza.

Yadda aikin ke gudana ba wani sihiri a ciki. Kamfani na tara samfuri daga karnukan da ke da takardar nasaba, ya adana a matsayin ma'auni, idan yawun karenka ya iso sai a yanyanka bayanan gadonsa gunduwa-gunduwa, na'ura ta nemi irin da kowace gunduwa ta fi kama da shi. Ke nan gwajin ba ya ganin kakannin kare, kamanni yake aunawa, sai dai kamanni na ɓoye maimakon na zahiri, kuma ingancinsa bai wuce ingancin ma'aunin da aka tara ba, kamar yadda hadisi ba ya fin isnadinsa ƙarfi. Idan kare tsantsa ne, ko kuwa iyayensa biyu tsantsa ne daga iri daban-daban, sakamakon kamfanin kirki abin dogaro ne. Amma gado raguwa yake yi, rabi daga uwa ko uba, kimanin rubu'i daga kaka, kimanin sumuni daga kakan iyaye, kuma da zarar an gangara zuwa kashi biyar ko uku cikin ɗari, an bar yaƙini an shiga zato, musamman a tsakanin ire-iren da suka haɗa kaka. Shi ya sa kamfanoni biyu kan yi ittifaƙi a kan babban kaso, su saɓa a kan ƙananan.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan zurfi. Mafi yawan karnukan duniya ba su taɓa gilmawa ta ƙofar wani kundi ba, su da kakanninsu. Adam Boyko da jama'arsa sun gwada karnukan ƙauye 318 a Masar da Yuganda da Namibiya, suka bayyana a 2009 cewa galibinsu 'yan ƙasa ne na asali, ba ɓurɓushin karnukan Turai ba. Irin wannan kare, in aka kai yawunsa ga ma'aunin da bai san shi ba, na'ura na iya tilasta masa dangi, ta rarraba shi ga ire-iren da bai haɗa kome da su ba tun shekaru aru-aru. Daga baya ne wasu kamfanoni suka buɗe wa karnukan ƙauye babi nasu. Dubi azawak, siririn karen farautar Buzaye na kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, wanda aka kai 'yan ƙalilan daga cikinsa Yugoslabiya da Faransa a shekarun 1970, ƙungiyar Amurka kuma ba ta karɓe shi sosai ba sai a 2019. Zuriyar waɗannan 'yan ƙalilan ita ke riƙe da takarda, 'yan'uwansu da ke kwance gindin tanti a Sahel kuwa ba su da ita, alhali su ne tushe.

Ragowar aibin na masu sana'ar ne. Masu bincike a Jami'ar Colorado sun aika samfurin karnuka tsantsa 12 ga kamfanoni shida, suka haɗa rabinsu da hoton wani kare daban da gangan, sakamakon da aka buga a 2024 ya nuna akwai kamfani guda da amsarsa ke bin hoto fiye da yawu. A cikin shekarar kuma wata 'yar jaridar talabijin a Boston ta goga audugar a cikin nata kumatun ta aika wa kamfanoni uku. Kamfanoni biyu suka ce samfurin bai isa a yi hukunci da shi ba, na uku kuwa ya amsa mata cewa ita malamute ce kashi 40, shar-pei kashi 35, labrador kashi 25.

Ko da gwajin ya faɗi gaskiya, sai a tambaya me ya amfanar. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Science a 2022, wanda ya tattara bayanin halayen karnuka fiye da 18,000, ya gano cewa iri bai bayyana fiye da kimanin kashi 9 cikin ɗari na bambancin halayensu ba. Saboda haka wanda ke da nufin biyan kuɗinsa, ya fara tambayar iri nawa ke cikin ma'aunin kamfanin, da ko ya san karnukan ƙauye, kada kuma ya aika musu da hoto. Babban kaso ya karɓe shi, ƙananan ya ajiye su a babin zato, kuma kada a kashe kare ko a kore shi daga gida a kan shaidar wannan takarda ita kaɗai.